Malamin Lambu

Hular tana kan keken ɗinki, an kifa ta a kan wani tsohon gwangwanin madara, allura na soke a gefenta da ragowar zare. Munzali ya daɗe yana kallonta daga bakin ƙofa. Ruwan toka ce mai ratsin shuɗi, irin launin da yake so, kuma Uzairu ya san yana so. Ya leƙa tsakar gida. Uzairu yana bayan ɗaki yana alwala, mahaifiyarsa Inna Tani tana fama da ɗanyen itace a murhu. Sai Munzali ya cire tasa tsohuwar, ya ɗauki sabuwar a hankali ya ɗora a ka.

Ta tsaya masa a tsakiyar kai kamar murfin kwano. Ya danna, ta ƙi. Ya juya ta ya sake dannawa, ta sake ƙi. Girman kan Munzali ba ɓoyayyen abu ba ne, har tsokanarsa ake yi da shi a tashar Kibiya inda yake lodin fasinja zuwa Rano da Kano. Uzairu kuwa ya sha auna kan nan da zare, ba zai yi kuskure a kansa ba.

"Ajiye ta, kar ka buɗa mata baki," in ji Uzairu daga bayansa, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Ta wa ce?"

"Ta Malam Salah."

Munzali ya mayar da ita kan gwangwanin. Ya ce ta yi kyau. Ya ƙara cewa aikin ya fita sosai, hannun ya dawo. Duk gaskiya ya faɗa, amma ba da son ransa ya faɗe ta ba. Wannan ce hula ta farko da Uzairu ya iya kammalawa tun da ciwo ya kwantar da shi.

A Kibiya kowa ya san Munzali direba da Uzairu tela aminai ne tun suna samari. Abin da ba a sani ba, ko aka sani aka kau da kai, shi ne amincin ya wuce inda mutane ke tsammani. Son juna suke yi, irin son da a ƙasar nan ko a cikin ɗaki sai an rage murya kafin a ambace shi, don ana iya rasa gida a kansa, ana iya rasa abin da ya fi gida. Sun iya zama da abinsu. A gaban mutane sai zolaya da zagin wasa, sai cin tuwo a kwano ɗaya, wanda babu mai ganin laifinsa.

Wani azumi ne Uzairu ya tafi Kano ɗinkin Sallah a wani babban shago. A can aka nuna masa ƙanƙara, wani farin abu mai ƙyalli kamar fasasshen gilashi da ake zuƙar hayaƙinsa. Aka ce tana kore barci, tela ya kwana a kan keke bai gaji ba. Ta kore barcin. Ta kuma kore wani abu da Uzairu ya fi son rabuwa da shi, wato tsoron da yake kwana da shi yake tashi da shi tun yana yaro. Sallah ta wuce bai dawo ba. Da Munzali ya gano inda yake, ya tarar da mutum ya zama kara, yana cizon haƙora, yana tsinkar fatar hannunsa, yana rantsuwa wai akwai mutane a kan rufin kwano suna kiran sunansa, wai sun san komai.

Munzali ne ya kwantar da shi a kujerar baya ya kawo shi gida. Shi ya yi masa wanka lokacin da Inna Tani ta kasa. Shi ya riƙa ɗura masa kunu da cokali, shi ya sha zagi da duka in abin ya motsa. Ya kai shi wurin wani mai ruƙiyya, wanda ya ce aljana ce ta aure shi, ita ta hana shi sha'awar aure, aka turara shi da hayaƙi har ya suma. Ya kai shi wani asibiti a birni, inda ma'aikacin ya fara da fara'a, amma da Uzairu ya ɗan buɗe cikinsa sai mutumin ya tura kujerarsa baya, ya shiga wa'azi, har ya yafito abokin aikinsa ya zo ya ga abin mamaki. Bayan wannan Uzairu ya daɗe ko gaisuwa ba ya amsawa.

Kuma Munzalin ne da kansa ya samo Salahuddeen, wato Malam Salah. Wani fasinja ne ya raɗa masa labarinsa. Ɗan Rano ne, ya karanci halayyar ɗan Adam a jami'a, yana aiki da wata ƙaramar ƙungiya a Kano mai kula da masu shaye-shaye. Ranar Alhamis yakan dawo gida ya wuni a lambun da ya gada a Yalwa, kuma duk wanda ke son magana ya san hanyar lambun.

Ba ofis, ba tebur. Buhun gyaɗa yake zubewa a tabarma ƙarƙashin mangwaro, ya zauna gefe da gefe da mutum suna ɓara, kowa idonsa a kan hannunsa, don ya san akwai maganar da ba ta fitowa in ana kallon ido. Bai tambayi Uzairu ko yana da mata ba. Cewa ya yi, "Wa kake da shi a duniya?" Kafin Uzairu ya amsa, ya ƙara da cewa, "Ba sai ka faɗi suna ba. Ka ce mutumina, zan gane." Bai yi wa'azi ba, bai kuma ce addini ba kome ba ne. Ya yi masa bayanin abin da ƙanƙara ke yi wa ƙwaƙwalwa, ya ce muryoyin kan rufi na rashin barci ne da maganin, amma tsoron da ke ƙarƙashinsu na gaske ne, kuma ba hauka ba ne mutum ya ji tsoro a inda akwai abin tsoro. Ya haɗa shi da wani likita mai riƙon amana saboda barci.

Ya gayyaci Munzali ma. "Malam Munzali, gyaɗar ta ishe mu mu uku."

"Ni lafiyata ƙalau," in ji Munzali, ya koma mota.

Daga motar yake ganin abin da yake gani ta saman shingen kara. Wata Alhamis da la'asar ta yi, ya ga sun yi alwala a bakin rijiya, su biyu da wasu samari da su ma suke zuwa. Ya ga Salahuddeen ya dafa kafaɗar Uzairu ya tura shi gaba. Uzairu ya noƙe, ya girgiza kai. Ya daɗe da barin salla, yana ganin irinsa ba a karɓa. Salahuddeen ya tsaya a sahu abinsa ya naɗe hannu yana jira. Can sai Uzairu ya matsa gaba ya yi kabbara. Munzali ya ji hawaye ya taho masa, ya ce alhamdu lillahi. Amma abin da ya biyo shi har gida shi ne hannun nan a kan kafaɗa.

Tun daga nan komai ya zama Malam Salah. In suna hanya Munzali ya ce a tsaya a ci tsire, sai Uzairu ya ce Malam Salah ya ce ya riƙa cin abinci a kan lokaci. In Munzali ya ce ya kwanta da wuri, sai ya ce ai Malam Salah ma ya faɗa.

"Ni da na shekara ina faɗa maka fa? Ko tawa ba ta da gishiri?"

"Taka da tsawa take zuwa, Direba. Kai ko sannu za ka yi wa mutum sai ka danna masa oda."

"To malamin lambu da me tasa take zuwa? Da zuma?"

"Da gyaɗa," in ji Uzairu, ya kwashe da dariya.

Ya yi ƙiba kaɗan, kumatunsa sun fara dawowa. Munzali ya saci kallonsa ya ji daɗi, ya kuma ji haushin jin daɗin.

"Wai me kuke cewa ne tun azahar har la'asar?"

"Magana."

"Wace iri?"

"Irin wadda ake bari a lambu."

Ranar da aka gama hular, Inna Tani ta tare Munzali a zaure da ƙwarya a hannu, an jera ƙwan zabi a cikin dusa.

"Ungo, ɗan nan, ka kai wa Malam. Allah Ya yi wa yaron nan albarka, shi ya dawo min da ɗana. Ba don shi ba da yanzu wani zancen ake."

"Amin, Inna."

"Ka bi a hankali, na san tuƙinka, kar ka kai masa wainar ƙwai."

Ya karɓa da hannu biyu. Bai ce mata komai ba game da wanda ya goye ɗan nata daga wani kango a Kano. Ya kai ƙwan, ko ɗaya bai fashe ba. Ya ga Salahuddeen ya sa hular, ta zauna masa daram kamar da ita aka haife shi, ya ga yadda Uzairu ya ja da baya yana duba ta da ido ɗaya irin na masu sana'a, sannan ya matso ya gyara mata zama da yatsa biyu.

Washegari Juma'a da hantsi Munzali yana rumfar mai shayi a tasha yana jiran layinsa. Direbobi sun cika benci. Ramalan, wanda motarsa ke gaban ta Munzali a layi, mutum ne da ba a gama shayi bai tsokani wani ba.

"Kai Munzali, wai ina kake ɓacewa ne duk Alhamis? Ranar da ake samun fasinja kai kana hutu. Ko bazawara ka samu a Yalwa?"

"Wace bazawara za ta yarda da wannan kan?" wani ya ce. "Sai dai a sake faɗaɗa ƙofar ɗaki."

Aka yi dariya. A wata ranar da Munzali ya rama da wadda ta fi ta. Amma bai yi barcin kirki ba, yatsu biyun nan suna ta gyara hula a idonsa.

"Dakon marasa lafiya nake yi," ya ce. "In tambaya kuke so, ku tambayi malamin lambu abin da yake nomawa. Ni dai ban taɓa ganin lambun da samari zalla ke shiga a ja ƙyaure, su fito suna murmushi ba."

Direbobin suka kalli juna. Sannan Ramalan ya buga cinya.

"Malamin lambu! La'ilaha illallahu. Wane ne? Ɗan gidan marigayin nan na Yalwa, ɗan boko?"

"Wasa nake," in ji Munzali.

Amma an riga an kira layin Ramalan. Ya shanye shayinsa ya tafi da maganar Rano. Na bayansa ya tafi da ita Kano. Munzali ya fi kowa sanin cewa maganar tasha ba ta biyan kuɗin mota, kuma ba ta sauka sai ta ga ƙarshen hanya. Kafin a sauko daga masallaci ta dawo Kibiya ta wata motar, ta yi ƙiba, ta yi rassa.

Mako bai zagayo ba mai unguwa ya aika a kira Salahuddeen. Ya je ya yi bayani cewa masu shaye-shaye yake taimaka wa, wanda gaskiya ne, aka sallame shi da gargaɗi. Sai wasu matasa suka fara zama a bakin lambun da sanduna, suna duba fuskar duk wanda ya gifta. Aka wayi gari an tuge masa yabanyar tattasai. Samarin da ke zuwa daga Zinyau da Rano suka ɗauke ƙafa, ɗaya ma aka ce ya bar garin. Salahuddeen ya kira Uzairu a waya ya ce a dakata tukuna.

Munzali ya je gidan da yamma ya tarar da Uzairu zaune a gaban keke, ba ya ɗinka komai.

"Na ji abin da ya faru," ya fara. "Mutane ba su da..."

"Malamin lambu," in ji Uzairu, bai ɗago ba. "Haka yaran suke kiransa yanzu. Inna ta jiyo a gidan suna. Mutum ɗaya na sani a duniya da yake kiransa haka."

Munzali ya nemi wurin zama ya rasa, ya jingina da bango.

"Subutar baki ce."

"Ka san abin da ake yi wa mutum a kan irin wannan maganar. Ka sani sarai. Kai da kake cewa in rage murya ko a cikin mota."

"Ban ambaci sunanka ba."

"Au, na gode. Allah Ya saka da alheri." Ya ɗago yanzu, idonsa ya kaɗa. "Me ya yi maka?"

"Ni na ɗauko ka daga Kano," in ji Munzali. "Ni na wanke ka. Ni ka fasa wa leɓe. Ban ga hula ba. Ban ga ƙwan zabi ba. In na tambaye ka abin da ke ranka sai ka ce magana ce ta lambu. Shi wane ne? Yaushe ya san ka?"

"Shi ya sa nake iya faɗa masa! Bai san ni ba. Kai in na kalle ka, duk abin da na yi nake gani. Ta yaya zan ce maka har yanzu ina sha'awar ƙanƙarar? Ta yaya zan ce maka wani lokacin da safe ita nake fara tunawa kafin kai? Za ka iya ɗauka? Da ka fasa sitiyari."

Munzali bai taɓa jin wannan ba. Ya tsaya da shi a hannu kamar garwashi.

"Fita," in ji Uzairu a hankali. "Kar Inna ta ji."

Ranar kasuwar Kibiya Uzairu ya ce wa Inna Tani zai sayo zare, ya shiga motar wani baƙon direba. Sai bayan kwana biyu ya dawo. Inna Tani ce ta aika wa Munzali. Da ya shiga ya ga idon, ya ga muƙamuƙin yana motsi shi kaɗai, bai bukaci a faɗa masa ba. Uzairu ya juya fuska bango. Inna Tani tana bakin ƙofa tana murza gefen zaninta.

"Ɗan nan, ina Malam? Ka nemo min Malam."

Ko a wannan halin, sai da maganar ta soke shi. Yana tsaye a gabanta, amma Malam take nema. Ya ɗauki mukullin mota.

Ya sami Salahuddeen da sassafe a lambun, shi kaɗai, yana tattara tattasan da aka tuge. Ba hula a kansa. Ya amsa sallama a gajarce, ya ci gaba da aikinsa.

"Ni ne na yi maganar," in ji Munzali.

"Na sani."

"Na zo ne..."

"Malam Munzali, bari in faɗa maka, don ni ba waliyyi ba ne. Raina ya ɓaci. Ba don tattasai ba. Akwai yaron da ya fara barci bayan wata da watanni, yanzu ban san inda yake ba, wayarsa a kashe. Akwai wanda in maganar nan ta kai kunnen yayyensa, ban san abin da za su yi masa ba. Kai ma kana cikin jirgin da ka huda."

Munzali ya sunkuyar da kai. Ya ce Uzairu ya koma wa ƙanƙara.

Salahuddeen ya ajiye kwandon. Ya tambaya ko Uzairu yana cin abinci, ko yana jin muryoyin, ko ya yi maganar cutar da kansa. Munzali ya amsa abin da ya sani.

"Tuntuɓe ne," in ji Salahuddeen. "Ana yi. Ba a koma farko ba, in dai an tare shi da wuri. Amma ina bukatar in zauna da shi a makon nan. Nan an sa ido. Gidansu in na shiga, na shafa masa abin da aka shafa min. Kano kuwa can ne abin yake, ba zan ce ya je ba."

"A waya fa?"

"Ɗakinsa da na Inna katanga ɗaya ce. Ba zai iya cewa komai ba."

Munzali ya kalli motarsa a bakin shinge, tsohuwar Golf mai tsagaggen gilashi. Ya ji maganar tana fitowa tun kafin ya yarda da ita.

"Mota ce kaɗai inda maza za su zauna ba a tambaye su dalili. In ta lalace a hanya, fasinja sai ya jira."

Salahuddeen ya dube shi sosai. "Ka san ba za ka ji abin da za mu ce ba."

"Na sani."

"Ba yau ba, ba gobe ba. Ko ka tambaye ni ba zan faɗa ba."

"Na ce na sani, Malam." Ya juya zai tafi, ya kasa, ya juyo. "Amma kai... kai da shi..."

"A'a," in ji Salahuddeen. "Aikina ne. Da zan yi haka da na cuce shi fiye da ƙanƙara." Ya ɗauki kwandonsa. "Amsar ba za ta warkar da kai ba, na sani. Kai ma ka ɗauki kaya shekara da shekaru ba wanda ya ce maka sannu. Ranar da ka shirya, akwai wani abokin aikina. Ba ni ba."

Ranar Alhamis bayan azahar Munzali ya ɗauki Uzairu a ƙofar gida. Uzairu ya shiga baya. Suka ɗauki Salahuddeen a bakin hanya bayan an fita Rano, kamar kowane fasinja mai ɗaga hannu. Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsayi a kowane gefe. Munzali ya sami wani wuri kusa da wani faffaɗan dutse, ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya fita ya ɗaga bonet, ya tokare shi da ƙarfe, ya cire waya ɗaya daga kan batir don ƙaryar ta sami ƙafa. Ya ji an ɗaga gilasai.

Abu ɗaya ya manta, ko ya sa kansa ya manta. Direba ba ya wuce ɗan uwansa a hanya da bonet a sama. Ba a jima ba sai ga mota daga wajen Kibiya ta rage gudu, ta tsaya a gabansa. Ramalan ya fito yana gyara wando, fasinjojinsa suna leƙe ta taga.

"Mai babban kai! Ta ƙi ne? Na faɗa maka ka sayar da akwalar nan ka sayi jaki."

"Batir ne. Na kusa gamawa, je ka abinka."

"Bari in gani." Ya zagayo, sai idonsa ya faɗa cikin motar. Ya tsaya. Murmushi ya fara buɗe masa fuska a hankali, ya rage murya. "Kai, kai, kai. Ba malamin lambu ba ne wancan? Da telanku? Munzali, lambun ne aka dawo da shi cikin mota?"

Munzali ya waiwaya. Ta gefen bonet ya hango Uzairu ya daskare a kujera. Ya san in Ramalan ya tafi da wannan hoton, kafin magariba sunan Uzairu ya shiga kowace tasha.

"Ramalan, zo nan." Ya kama hannunsa ya ja shi gefe, amma bai rage murya ba, don fasinjojin su ji. "Maganar da na yi a rumfa ƙarya ce. Haushinsa nake ji, na yi masa ƙazafi, kuma zan je gaban mai unguwa in faɗa. Mutumin nan likitan masu damuwa ne. Uzairu ƙwaya ta taɓa shi a birni, kowa ya sani, shi ya taimake shi. Ni na kai shi da hannuna. Yau kuma don ni aka fito."

"Don kai?"

"Don ni. Ba na barci. Ina tuƙi ina kuka kamar mace mai takaba. Kunya ta hana ni faɗa, shi ya sa na jefe shi da magana don kar a gane ni ma ina zuwa wurinsa. In za ka kai labari tasha, ga labari nan. Ka fara da sunana, ka ce kan Munzali ya taɓu."

Ramalan ya saki baki. Ya dubi Munzali, ya ga idon ya yi ja da gaske. Wata tsohuwa a motarsa ta ce, "Allah sarki, Allah Ya ba da lafiya." Wani ya ce ƙazafi dai ba kyau.

"To ai... ai sai ka faɗa tun farko," in ji Ramalan yana sosa ƙeya. "Wannan kan dama ya yi girman da dole wani abu ya kwance a ciki." Ya yi 'yar dariya, ba ta kama ba. "Ka ɗaure wayar batir ɗinka, ga ta can tana lilo."

Ya tafi. Munzali ya san gobe ba wanda zai yi saurin shiga motar direban da aka ce kansa ya taɓu, ya kuma san wasu za su ci gaba da yarda da maganar farko, don ta fi daɗi a baki. Ya koma gaban motar ya dafa ƙarfe mai zafi.

Ta 'yar tazarar da ke ƙarƙashin bonet yana iya hango hannuwan Uzairu. Da farko suna kwance a cinya. Can suka fara motsi, suna buɗewa suna rufewa, kamar yadda yake yi in magana ta taso masa daga ciki. Salahuddeen ya karkato kai yana saurare. Kishin nan ya sake taso wa Munzali a ƙirji, bai ragu ko kaɗan ba, yana nan da nauyinsa.

Gilashin baya ya sauko kaɗan.

"Direba."

Ita ce kalma ta farko da Uzairu ya yi masa tun ranar da ya kore shi. Munzali ya zagayo da sauri.

"Matsa gaba. Kana jin mu."

"Wallahi ba na ji."

"Matsa dai."

Munzali ya tsaya kamar zai yi musu. Sannan ya ɗauki sifana, ya taka zuwa gindin dutsen, ya zauna inda zai iya ganin hanya ta kowane ɓangare, ya ba motar baya.